Zagayen Baba Dogo

Litinin, 2 ga Yuni

Yau ma hannun ya kunyata ni. Sajan yana tsaye a kaina ina buɗe wa wata mota ƙofa, makulli ya ƙi shiga kwaɗo, sau uku yana zamewa. Bai yi tsawa ba, shi ba ya tsawa. Juyawa ya yi ya ce wa direban, "Yi haƙuri ranka ya daɗe, Malam Karkarwa ne, sai ya gama rawarsa." Direba ya yi dariya. Ni ma na yi, don ban san yadda zan yi da fuskata ba.

Sajan ko ƙofar bariki bai taɓa takawa ba. Shi ne mai duba masu gadi na kamfaninmu, shi ya laƙaba wa kansa sunan. Sau biyu yake zuwa a rana a kan babur, ba ka taɓa sanin yaushe.

Wata huɗu ke nan ina gadin benen nan. Hawa takwas, duk ofisoshi. Mu biyu ne da rana, ni da Baba Dogo, wanda ya shekara goma sha tara a nan. Aikin kashi biyu ne, ƙofa da zagaye. Mai ƙofa yana zaune a kujera. Mai zagaye yana bin matakalar baya duk awa ɗaya, a kowane hawa akwai kati rataye a bayan ƙyaure, ya rubuta lokaci ya sa hannu. An hana mai gadi shiga lif. Karɓa-karɓa muke yi, wannan awa ni, waccan shi.

Abin da ke damuna ban san sunansa ba. Da na ji ƙarar babur ɗin nan sai ƙirjina ya ɗaure, yawu ya ƙafe, hannu ya kama rawa. Ko ya tafi, sai in yi awa biyu ban dawo mutum ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Mijin Yaya ya shigo ɗakin ajiya inda nake kwana, neman jarka. Ya taka mini katifa da takalmi. Ya ce, "Har yanzu ba su kore ka ba? Lallai kamfanin nan da haƙuri." Yaya tana jinsa daga kicin, sai ta ƙara ƙarar famfo.

Shi ya samo mini aikin, kuma ya faɗa tun ranar farko: ranar da aikin ya ƙare, ranar zan naɗe katifa. Ba ni da inda zan kai ta.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sajan ya tara mu, mu biyu, kamar wata rundunar gaske. Wai za a kafa ƙofa mai buɗe kanta, mota ta nuna kati sandar ta ɗaga. Daga ƙarshen Yuli mai gadi ɗaya benen yake buƙata.

Ya ce, "Ni ba zan zaɓa ba, kar wani ya ce na zalunce shi. Ku za ku zaɓa. Duk wanda wani ɗan haya a benen nan ya fara kawo ƙararsa, shi ne ya sallami kansa." Yana maganar yana kallon hannuna. Na sa shi a aljihu. Ya ce, "Fito da shi mana, ai iska yake so."

Da ya tafi Baba Dogo ya zuba mini shayi a murfin filas ɗinsa. "Sha, ɗana. Wannan da kake gani, shi ne na bakwai da na yi zamani da su. Duk haka suke zuwa da ƙaho, su tafi da kunne."

Mutumin kirki ne. Shekara goma sha tara ba a taɓa kai ƙararsa ba. Ni wata huɗu, sau biyu an yi mini kashedi. Ko makaho ya san wanda zai tafi.

Asabar, 7 ga Yuni

Na lura da wani abu game da Baba. Yana da ɗa babba a gida da ƙwaya ta lalata. Idan waya ta yi ƙara ya ga matarsa ce, tun kafin ya ɗauka fuskarsa take yin toka. Ba ya cewa komai sai "To. To. Ina ji." Yana kashewa zai miƙo hannu: "Ba ni biron nan." Ko ba layinsa ba ne sai ya hau. Minti ashirin ya sauko jiƙe da gumi, yana ɗingishi, yana tsokanar mai shara wai tsintsiyarta ta fi ta ƙiba.

Mutumin da ya hau daban, wanda ya sauko daban. Sau uku na ga haka a makon nan.

Litinin, 9 ga Yuni

A katin hawa na shida na rubuta ƙarfe goma sha ɗaya a gurbin sha biyu, sai sha ɗaya ta fito sau biyu. Sajan ya ciro katin ya kawo har ƙofa, ya karanta wa masu jiran lif kamar labarai.

Hukunci: mako guda duk zagayen nawa ne. Sau goma a rana. "Tunda kana son rawa, ga filin rawa nan hawa takwas."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, yaro ne." Sajan ya ce, "Kai kuma tsoho ne, ka ga kowa da ciwonsa."

Talata, 10 ga Yuni

Taki ɗari da saba'in da shida ne zuwa sama. Na ƙirga don kada in yi kuka.

Laraba, 11 ga Yuni

Cinyoyina kamar an daka. A hawa na biyar na zauna na yi amai a bokitin mai shara. Ta gani, ta ɗauke bokitin.

Juma'a, 13 ga Yuni

Kwana biyu ke nan ina barci kamar an jefa dutse a rijiya. Da, sai in kwanta ina maimaita maganganun Sajan ɗaya bayan ɗaya, ina shirya amsar da ba zan taɓa bayarwa ba.

Wani abu kuma ya faru yau. Ina saukowa daga zagayen ƙarfe biyu, zuciya tana bugawa, numfashi sama-sama, sai ga babur. Na jira ƙirjin ya ɗaure. To ai a ɗaure yake tun daga matakala, ba wurin ƙari. Ya fara, "Malam Karkarwa, an gama tiƙar rawa?" Ina jinsa, ina kuma jin bugun yana sauka a hankali kamar yadda yake sauka duk na gama hawa. Mota ta zo, Baba ya shiga banɗaki, na ɗauki makulli. Sau ɗaya ya shiga.

Sajan ya kalli kwaɗon, ya kalle ni. Kamar na ƙwace masa abinci.

Asabar, 14 ga Yuni

Akwai likitar gashin ƙashi a hawa na huɗu, mai gyara masu shanyewar jiki da waɗanda suka karye. Ita kaɗai ce a duk benen take barin lif ta bi matakala. Mun haɗu a hawa na uku ina haki, ta ce, "Maigadi, wa ya aiko ka sama da gudu haka?" Ban san abin da ya buɗe mini baki ba, na gaya mata hukuncin, har da zancen hannun da abin da ya faru jiya.

Ba duka na riƙe ba. Ta ce tsoro da hawan bene kusan abu ɗaya suke sa jiki: zuciya ta buga, gumi ya zubo, numfashi ya gajarce. Bambancin, a bene kai ka tayar da abin da kanka, kuma kana tsayawa yake kwanciya. Idan ana yi kullum, ƙwaƙwalwa tana sabawa cewa bugun nan ba mutuwa ba ce, yana zuwa yana wucewa, sai ta koyi saurin kashe ƙararrawar. Ta ce barcin ma yana taimakawa. Ta ce, "Amma sati ɗaya somin-taɓi ne, kar ka ɗauka ka warke. Ranar da ka daina, a hankali zai koma."

Na ce, "Wato hukuncin magani ne?" Ta yi dariya ta ce kar in gaya wa wanda ya yanke shi.

Duk sauran ranar ina tunanin Baba da bironsa. Shi ba wanda ya yi masa bayani. Da kansa ya gano.

Litinin, 16 ga Yuni

Hukunci ya ƙare. Da safe Baba ya miƙo hannu zai karɓi biro, na ce, "Baba, zauna abinka. Gwiwar nan taka ina jin ƙararta tun daga hawa na biyu. Ni na riga na saba, bar mini zagayen gaba ɗaya."

Ya tsaya yana kallona. Idonsa har ya kawo ruwa. Ya dafa kaina ya ce, "Allah ya ba ka masu yi maka. Wanda na haifa ma bai taɓa cewa in zauna ba."

Gwiwarsa da gaske tana ciwo. Wannan ba ƙarya na yi ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Baba yana jin daɗin kujera. Ya kawo matashi daga gida. Ya ce yau ya zama manaja, saura a sa masa fanka.

Talata, 24 ga Yuni

Yanzu minti goma sha ɗaya nake yi, hawa da sauka da sa hannu. Na gano idan na ji Sajan ya kusa zuwa, in na yi zagaye da sauri kafin ya iso, maganarsa ba ta kama ni. Kamar ruwa a kan leda.

Waya ta yi wa Baba ƙara ƙarfe ɗaya. "To. To. Ina ji." Ya kashe, hannunsa ya taso kamar zai ce biro, sai ya tuna, ya mayar da shi kan cinya. Ya zauna. Ƙafarsa tana ta kaɗawa. Ya kama eriyar rediyonsa yana lanƙwasawa yana miƙewa har ta karye a hannunsa. Ya dube ta kamar wani ne ya karya.

Na ga duk wannan. Ina tsaye da biro a aljihu.

Juma'a, 27 ga Yuni

Ya daina tsokanar mai shara. Yau ma har ya yi mata tsawa a kan ta jiƙa masa takalmi. Ta zo ta same ni a matakala tana tambaya ko lafiya, na ce tsufa ne.

Litinin, 30 ga Yuni

Wannan zan rubuta shi yadda ya faru.

Ƙarfe biyu saura kaɗan Baba ya ce, "Ɗana, ba ni na ƙarfe biyun nan. Zaman ya ishe ni, jikina duk ya yi tsami."

Na ce, "Wallahi Baba da na ba ka. Sajan ne ya ce kar ya ƙara ganin hannu biyu a kati ɗaya, wai yana rikita masa dubawa."

Sajan bai ce ba.

Ya ce, "Haka ya ce?" Na ce haka ya ce. Ya gyaɗa kai. Ba zai tambaye shi ba, na san shi, bai taɓa fara yi wa Sajan magana ba.

Abin da ya ba ni mamaki, muryata ko gezau. Da, ko gaskiya zan faɗa sai ta yi rawa.

Ina hawa ina ce wa kaina, zagaye goma ne, in na ba shi biyu me zai ragu? Har na kai hawa na takwas ban ba kaina amsa ba. Amsar tana nan, na dai ƙi ɗaga ta.

Laraba, 2 ga Yuli

Mijin Yaya ya ce in wanke masa mota kafin in fita. Na wanke. Ya zagaya ya ce taya ba ta fita ba, "ko hannun ne ya hana?" Na ɗago na dube shi. Kallo kawai, ina numfashi irin na hawa na shida. Shi ya fara kawar da kai. Ya shiga mota yana ƙunƙuni wai yaran yanzu ba kunya.

Yaya ta ƙara mini ƙwai a burodi, ta ce, "Auta, kwana biyu ka yi fes." Na ce aiki ne.

Asabar, 5 ga Yuli

Sajan ba wawa ba ne. Ya daina ɓata yawunsa a kaina, ya koma kan Baba. Ya sa masa suna Kujera. "Kujera, an tashi lafiya? Wa ya ɗora ka a kan 'yar'uwarka?" Ya zare matashin daga ƙarƙashinsa ya ɗaure a bayan babur, wai ba ya cikin kayan aiki. Ya sa shi ya sara masa sau uku, wai na farko da na biyu hannun bai kai goshi ba. Mutum mai jikoki.

Jijiyar wuyan Baba ta tashi kamar igiya. Da can dariya yake yi wa irin wannan, ya ce na bakwai ne.

Da Sajan zai tafi ya kira ni gefe. Ya ce, "Na duba katunan nan, sati uku hannu ɗaya nake gani. Wa ya ce ka ajiye tsohon?" Na ce gwiwarsa ce. Ya kalle ni, sai ya yi murmushi. "Karkarwa, ashe kai mugu ne. Ci gaba."

Ban ji daɗin kalmar ba. Amma da ya ce Kujera a karo na biyu, na yi dariya. Baba ya ji ni.

Talata, 8 ga Yuli

Baba bai zuba mini shayi ba yau. Shi ma bai sha ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Likita a matakala. Ta ce na faɗa amma idona ya washe. Sannan ta ce, "Ina dattijon nan abokin aikinka? Shekara shida muna gaisawa a nan, na daina ganinsa." Na ce gwiwa ce ta matsa masa, na hutar da shi.

Ta ɓata fuska. Ta ce zaman wuri ɗaya ba hutu ba ne ga irin gwiwarsa, ƙara sandarewa za ta yi. Ta ce mutumin da ya saba motsi shekara da shekaru, a zaunar da shi rana ɗaya, ba gwiwa kaɗai za ta ji ba, har kai. "Ka ce masa ko hawa biyu ne ya riƙa yi a hankali. Ko ya leƙo in duba shi, ba sai ya kawo komai ba. Kar ka manta."

Na ce ba zan manta ba.

Ban manta ba.

Litinin, 14 ga Yuli

Ma'aikata sun zo sun haƙa ramin da za a kafa sandar. Baba ya zauna yana kallon ramin tun safe.

Saura sati biyu da 'yan kwanaki. Babu ƙara a kaina, babu a kansa. In aka kai ƙarshen wata a haka, shekara goma sha tara za ta yi magana, ni kuma in naɗe katifa.

Laraba, 16 ga Yuli

Akwai wani ɗan haya a hawa na bakwai, muna ce masa Mai Jar Mota. Tun daga kwanar titi yake ɗora hannu a kan odar motarsa, ba ya ɗagawa sai ƙofa ta buɗe. Kullum ƙarfe uku da 'yan mintoci yake dawowa daga cin abinci. Ban taɓa jin ya amsa gaisuwa ba. Da Baba yana cewa ƙila odar ce gaisuwarsa. Yau da ya wuce, na ga leɓen Baba yana motsi, ba addu'a yake yi ba.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ƙarfe uku saura biyar waya ta yi ƙara. Wannan karon har ni ina jin kukan matar. Ɗan ya ɗaga wa ƙanwarsa wuƙa, maƙwabta sun ɗaure shi, ana jiran Baba ya ce a kai shi gidan mari ko kar a kai shi. Baba bai ce "to" ba. Ya kashe wayar ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

Ya ce, "Ɗana, don girman Allah. Ba sai na sa hannu ba. Zauna mini a nan minti goma in hau in sauko. Kaina zai fashe."

Na dubi agogo. Na dubi kwanar titi.

Na ce, "Baba, katin ƙarfe uku zai wuce. Bari in yi maza in dawo, sai ka je."

Ina hawa na biyu na ji odar. Akwai 'yar taga a wurin, tana kallon ƙofa. Na tsaya.

Baba ya taso a hankali, gwiwar ta riƙe, makulli yana hannunsa yana ta laluben kwaɗo. Oda ba ta tsaya ba. Ya samu ya cire kwaɗon, bai kai ga jan ƙofar ba mutumin ya fito daga mota. Ba na jin duka ta gilashi, amma na ji "tsohon banza", na ji "gidan ubanka". Sannan ya sa yatsa biyu ya ture hular Baba. Ta faɗi cikin ramin da aka haƙa.

Baba ya dubi hular. Ya ɗaga kwaɗon nan mai nauyin kilo guda ya sauke a gilashin gaban motar. Sau ɗaya. Sau biyu. A na uku ya tsaya, hannunsa a sama, kamar wanda aka tasa daga barci.

Daga inda nake zuwa ƙofa taki arba'in da huɗu ne. Tun a "tsohon banza" da na sauka da na isa.

Na rubuta uku da minti huɗu a katin hawa na biyu. Rubutun ya fita tsaf. Na ci gaba har takwas, ban tsallake ko ɗaya ba.

Asabar, 19 ga Yuli

A ofishin manajan bene aka yi zaman. Manaja, Sajan, Mai Jar Mota, Baba a tsaye ba hula. Aka kira ni shaida.

Manaja ya ce me na gani. Na ce na ji oda, na leƙa ta taga, na ga Baba yana dukan gilashi da kwaɗo. Sau nawa? Sau biyu. Ka ji abin da aka ce kafin nan? Na ce gilashin tagar yana da kauri.

Ba wanda ya tambaye ni zancen hula.

Baba bai kare kansa ba. Abin da kawai ya ce, "Yaron nan ba ruwansa, yana sama. Shi ne ma yake ɗauke mini aiki." Sajan ya sunkuyar da kai yana tari, ni na san dariya yake ɓoyewa.

Mai Jar Mota ya ce albarkacin furfura ba zai kira 'yan sanda ba, amma kar ya ƙara ganinsa. Aka ce Baba ya ajiye riga da makulli. A gabanmu ya cire rigar, ya ninke ta yadda ake ninke ta shago, ya fita da singileti.

Litinin, 21 ga Yuli

Ni kaɗai. Mai shara ba ta amsa gaisuwata ba. Tana goge wata taga a hawa na biyu lokacin da abin ya faru, ashe, daga can ƙarshen baranda. Ban gan ta ba, sai yau na sani. Abin da ta faɗa ke nan kawai, "Ina wurin," ta ja bokitinta.

Alhamis, 24 ga Yuli

An kafa sandar. Tana ɗagawa da kanta, tana sauka da kanta. Sajan ya kawo takarda na sa hannu, aikin ya zama nawa. Ya ce, "Yanzu me za mu riƙa kiranka?" Na ce duk wanda ya ga dama.

Na gaya wa mijin Yaya. Ya ce, "To." Yaya ta yi guɗa a kicin a hankali.

Na bi ta lif ɗin kaya sau biyu don kar in haɗu da likita, duk da an hana.

Laraba, 30 ga Yuli

Baba ya zo da hantsi. Cikin kayan gida ya zama ƙarami, kamar an rage masa tsawo. Ya zo ɗaukar filas ɗinsa da rediyo. Na haɗa masa a leda tun tuni. Ya tambayi aiki, ya tambayi Yaya. An kai ɗan, ya ce, shi ya ce a kai shi. Ba ya barci. Yana zaune a gida daga safe har dare, matar tana kallonsa, yana kallonta.

Ya karɓi ledar bai tafi ba. Yana ta kallon ƙofar matakala.

Ya ce, "Ɗana, bari in ɗan hau mana. Sau ɗaya. Ba zan taɓa komai ba, in kai sama in sauko in tafi."

Ba kowa a wurin. Sajan ya riga ya zo ya tafi, jar mota ba ta shigo ba tun safe. Ba wanda zai sani.

Na jawo rajistar baƙi na juya masa ita, na ɗora biro a kai. Na ce, "Ai ba matsala, Baba. Cika nan kawai. Suna, lokaci, da wurin wanda ka zo."

Ya rubuta sunansa. Ya dubi agogona ya rubuta lokaci. Ya kai biron kan gida na uku ya tsaya. Sannan ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ba fushi a ciki, kamar mai karanta rubutun da ya yi masa ƙanana sai yanzu ya gane.

Ya ajiye biron a hankali. Ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, maigadi."

Na ja layi a kan sunan, don ba a barin gida a buɗe a rajista.

Tun ɗazu nake laluben ƙirjina ko zan ji wani abu. Shiru. Likita ta ce haka ake so, ƙararrawar ta riƙa mutuwa da wuri. Ina jin haka take nufi.

Zagayen ƙarfe goma sha biyu sau biyu na yi shi. Ba wani dalili.